Aminiyata Ta San Gidan, Ta Bar Ni Na Kai Ɗana

A lokacin ni 'yar kasuwa ce mai ƙafar yawo. Onica, Kwatano, Agadas, babu tashar da ban kwana a kan buhu ba, har ina yi wa maƙwabtana na Keffi tsiya cewa su duniyarsu a Maraba ta ƙare. Ashe uwar yawon ba ta san abin da ke faruwa a ɗakin ɗanta ba. Yaron yana da sikila. Allurar kashe zafin da ake masa a asibiti ce ta bi jikinsa, har ya koma yi wa kansa.

Ranar da na gano, wata ma'aikaciyar lafiya na tarar a zaure tana ba shi sababbin sirinji. Ta ce kare jininsa take daga yin karɓa-karɓar sirinji da wasu, kafin ya yarda a fara masa magani. Ban bari ta ƙarasa ba, da tsintsiya na raka ta har titi. Na kai kukana wurin aminiyata, wadda muka shekara da shekaru muna cin kwano ɗaya a bayan tirela. Ta ce in share hawayena, akwai gidan gyaran tarbiyya a hanyar Agwada, can nata ɗan ya shiryu, yanzu ma karatu yake a kudu. Da hannuna na kai shi. Duk ziyara sai a fito min da shi cikin farin kaftani mai dogon hannu, mai gidan na zaune a gefensa, ni kuwa ina ta zolayarsa wai ya zama ango.

Sai da ya yanke jiki ya faɗi aka kira ni. A asibiti na ga hannuwan nan, duk tabon allura. Ashe mai gadin gidan gyaran ke sayar wa yaran allura, sirinji ɗaya ya zagaye ɗaki. Likita ya ce ciwon hanta ne. A layin karɓar magani kuma wa zan gani? Ɗan aminiyata, wanda wai yake karatu a kudu. Tun kafin in kai nawa ta ɗauko shi daga can da wannan ciwon, ta ɓoye shi wurin dangi a Nasarawa. Da na tsare ta, sai ta ce ta ji tsoron kar gari ya ji ne.

Ni dai har gobe ban ce sirinji yana raba mutum da shaye-shaye ba. Amma da na saurari baiwar Allahn nan mai sirinji, da jaraba kaɗai muke yaƙa yau. Iyaye 'yan uwana, in an yaba muku gidan gyara, ku ce a nuna muku wanda aka gyara, ku gan shi da idonku. Ni ban nema ba, ga shi ɗana ke shan maganin.