Daminar da Aka Rufe Rijiyarmu

Kakana ne ya haƙa rijiyar gidanmu a Azare, kuma duk layinmu nan ake ɗiban ruwa. Ko da bazara ba ta ƙafewa.

A daminar da na zo gida wankan jego, ruwan ya fara ɗan wari. Inna ta ce ganyen darbejiya ne ya ruɓe a ciki. Ba a jima ba yaran layin suka fara gudawa, gida bayan gida. Daga asibiti aka sanar da sashen tsaftar muhalli na ƙaramar hukuma, aka turo mana duba-gari.

Mace ce mai sanyin magana. Ta ɗebi ruwan a kwalba, ta zaga bayan katanga, sai ga sabuwar salgar da maƙwabcinmu ya haƙa dab da rijiyar. Dattijo ne mutumin Borno, sahunsu ɗaya da Baba a masallaci tun ina ƙarama. Ta ce doka ta hana haƙa salga kusa da rijiya haka, kuma tana da ikon kai shi kotu.

Baba ya ce, "Hajiya, ki rufe rijiyar. Shi kuwa ki bar shi. Bai san da dokar ba, ni ma yau na fara jin ta."

Ta amince, bisa sharaɗin a cike salgar. Dattijon ya tsaya da kansa aka cike ta, sannan ya zo zaurenmu ya zauna, ya kasa haɗa ido da Baba. Baba ne ya yi ta jan shi da hirar farashin gero.

Bayan damina aka sake gwada ruwan, bai gyaru ba. Aka zuba siminti a bakin rijiyar.

Da ruwan 'yan garuwa na ƙarasa wankana. Ran da duba-garin ta dawo, na tambaye ta wa ke duba nasu ruwan. Ta ce aikin sashensu ne, amma ba su da yawa, galibi sai ciwo ya ɓulla suke isa wuri. Amsar nan ta daɗe tana damuna.

Tun daga lokacin, duk wanda ya fara gini a layinmu, Baba kan je ya yi masa barka, sannan ya tambaye shi inda zai haƙa salga.