Na Je Nima Don Kada a Ɗaure Ƙanina

Ana kiran assalatu muka bar Agege, ni da ƙanwar mijina, wadda ta ce ba zan tsallaka ƙasa uku ni kaɗai ba. Daga Seme zuwa Aflawo, kowace iyaka sai an zazzage mana jaka kamar mun ɗauko zinariya, alhali kilishi ne da yaji. Da yamma lis muka shiga Ankara ta Gana, bayana kamar ba nawa ba.

Ba yawo ya kai ni ba. Ƙanina, wanda ya tashi a hannun Goggo a unguwar Nima ta Ankara, yana fama da taɓin hankali, irin wanda mutum ke jin muryoyi yana zargin kowa. Kwanakin baya Goggo ta kai masa abinci, ya ɗauka guba ce, ya ture ta har ta karye a hannu. Kawu ya ce a kai shi inda ake sa mari. Goggo ta ce sai na zo.

Nima lungu ne cikin lungu, ga kwata, ga ƙamshin wake da shinkafa, ga tsada kamar ana fushi da mai saye. Hausarsu ba ta raba mace da namiji. Goggo na ganina ta ɗaga hannun mai lafiyar ta ce, "Yarinyana ya zo!"

Washegari na raka ƙanina asibiti ta wajen Mamobi. Bayan an ba shi magani, wata ma'aikaciya ta zaunar da shi, ta fara da wasan tuna abubuwa, sannan ta shiga nuna masa hotunan fuskoki. Ya kalli ɗaya ya ce, "Wannan so yake ya cuce ni."

"Sake dubawa," in ji ta. "Me kuma zai iya damunsa?"

Ya sake dubawa, sannan ya ce, "Ko yunwa yake ji."

Ta faɗa mini wannan horon ba ya maye gurbin magani, kuma a hankali yake shiga. Ana koya masa ne ya dakata kafin hannu ya riga tunani.

A tirotiro, ƙaramar bas ɗinsu, kwandasta ya bangaje shi. Na ga ƙanina ya dunƙule hannu. Sai ya ce, "Da gangan ka yi?" Kwandastan ya ce, "Cale, abokina, ban gan ka ba." Har muka sauka ƙanina yana zufa, amma hannun bai tashi ba. Na ɗauka an gama. Bayan la'asar kuwa ya fasa kofi a bango don maƙwabciya ta yi dariya.

Da aka zauna, Kawu ya tambaya wa zai tsare Goggo. Goggo ta ce, "In za ka ɗaure shi, ka nemo mari biyu." Aka tsaya a kan babban ɗan Kawu zai dawo gidan da kwana, horo kuma ya ci gaba.

Na iso Agege ƙafafuna a kumbure, na kwanta da gyalena. Na tafi ina son jin "ya warke", ban ji ba. Abin da na koya shi ne, ɗan jinkirin nan tsakanin fushi da duka ba kowa ke samunsa kyauta ba. Ƙanina da gumi yake nemansa.