'Yar Farin da Ta Daina Magana

Na so in fara maku da cewa mun tashi da asuba, amma hanyar Anka ba a yi mata asubanci yanzu. Sai da rana ta fito sosai, motocin haya suka taru a Gusau, sannan direbanmu ya yi bismilla ya bi bayansu. Mu uku ne ban da shi. An tura mu zaga ƙananan asibitocin Anka da Gummi da Bukkuyum, mu ga me suke yi wa yaran da firgita da damuwa suka kama. Ni da na shekara da shekaru ina aikin nas a wannan ɓangare, ina da nawa dalilin daban. Wata malamar asibiti a wani ƙauye kusa da Adabka ta yi mako biyu tana kirana kan wata yarinya, Luba, mai shekara goma sha uku. Tun da ta dawo daga hannun 'yan bindiga ba ta ce uffan ba, abinci ma sai an yi da gaske. Malamar ta ce in ba a yi wani abu ba, yarinyar nan a zaune za ta ƙare.

Muna karya kwana a Mayanchi kowa a motar ya yi tsit. Abokin tafiyarmu da ya cika mana kunne da siyasa tun daga gida ya zaro carbi. Na ce masa ashe dai yana da shi, ya harare ni ya ci gaba da ja. Gero ya isa yanka a gonakin bakin titi, amma da ka ɗaga ido can ciki sai ciyawa, gonakin da masu su suka bari. Shingen jami'an tsaro kuwa na daina ƙirgawa.

A Anka muka karya da hoce, gurasar dawar nan, da ƙuli. Hocen ya ƙanƙance, kuɗinsa ya yi ƙiba, mai sayarwar ta ce in tambayi masu dawa. Daga nan muka shiga wani ƙaramin asibiti na tambayi ma'aikatan: in an kawo yaron da ba ya barci, ko yake zabura, ko ya koma fitsarin kwance da girmansa, me suke yi? Suka ce gwajin jini, a duba dalma. Ban ga laifinsu ba. Tun da gubar dalma ta niƙan dutsen zinariya ta kashe yara a Dareta da Sunke, duk yaron da ya canza, ita ake fara zargi. Waɗannan mutane sun ga ƙananan kaburbura da idonsu. Abin da ya ɓata mani rai shi ne in jinin ya fito lafiya, shi ke nan, sai a ce wa uwa ɗanta ƙalau yake, a haɗa ta da maganin ƙarin jini ta koma gida.

Gummi muka kwana. Kifinsu dai yana nan yadda na san shi, na ci har na ji kunyar abokan tafiya. Da safe muka zauna da malaman firamare. Wata a cikinsu ta ce in babura uku suka wuce a jere, rabin ajinta yana ƙarƙashin benci kafin ta juyo daga allo. Na tambaye ta wa take kai wa irin waɗannan yara. Ta yi dariyar da ba ta daɗi ba, ta ce wa kuwa? Mai duba irin wannan sai birni, kuma uban da ya kasa zuwa gonarsa ba zai kai yaro birni don tsoron babur ba.

Rana ta uku muka bar motar a Bukkuyum muka hau babura. Hanyar Adabka a ƙarshen damina, Allah dai ya ba masu bin ta kullum lada. Sau biyu ina sauka ina tattare zane ina taka taɓo, ɗan acaɓan yana ce mani saura kaɗan. Saura kaɗan ɗin nan ta ci awa guda.

Malamar asibitin ta tarye mu, ta shiga da ni gidan ni kaɗai, tana ba ni labari a hanya. An kama Luba ne tare da kakarta a gona. Tsohuwar ta rasu a daji a gaban idonta, ita kuma aka sako ta bayan wata biyu. An yi rubutu, an yi ruƙiyya, an kai ta Anka gwajin jini har sau biyu.

Na sami Luba a ɗakin marigayiyar, zaune a gindin tukunyar ruwa, wuyan hannunta kamar kara. Kwanon fura na gefenta ƙuda na bi. Kitson kanta tun na kafin a kama ta ne, ya cukurkuɗe ya dunƙule. Na zauna a ƙasa kusa da ita, na yi duk dabarar da na iya, na kusa awa guda. Ko ɗaga ido ba ta yi ba.

Duk wannan lokaci uwar tana tsakar gida tana daka, ta ba ɗakin baya. Da na fito ina yi mata tambayoyi, sai ta riƙa cewa waccan ba ta ci ba, waccan ba ta barci. Waccan! Kun san ni da saurin hawa. Raina ya ɓaci, na ce, "Haba baiwar Allah, 'yarki ce fa. Ki shiga ki kira sunanta, ki rungume ta, ki yi mata magana. Dakan nan zai gudu ne?"

Ta jingine taɓaryar a hankali. Ba ta dube ni ba.

"Likita, ɗiyar fari ta," in ji ta. "Tun da anka yaye ta, tsohuwa ta ɗauke ta. Ban taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa zama jikina ba. Wadda ta iya yi mata magana tana daji kwance. Ni dama fura na iya, ita kuma tana turewa."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ni ma 'yar fari ce. Innata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, wance take ce mani. Na san wannan kunya tun ban san karatu ba, amma na zo da ɗan littafin horo a jaka, wanda ya ce iyaye su dubi yaro ido da ido su yi masa magana, na sauke wa matar nan shi a ka a cikin gidanta, gaban maƙwabta.

Na ba ta haƙuri. Can sai na tuna wuri ɗaya da hannun Innata yake taɓa ni. In kitson kaina ya tsufa, takan zaunar da ni tsakanin ƙafafunta tana mita wai rashin mai yi mani ne ya sa, ta yi ta hira da maƙwabciya a bisa kaina. Duk abin da take so in ji, a wannan hira nake jin sa. Na tambayi uwar Luba ko akwai kunya a kitso. Ta yi ɗan tunani, ta ce kitso ai aiki ne.

Ta ɗauko tsinke da man shanu ta shiga ɗakin, ta zauna bayan yarinyar. Luba ta sandare. Uwar ta fara tsifa a hankali, tana yi wa malamar asibitin hirar tsohuwa: yadda take son fura mai yaji, yadda take ɓoye wa wasu mutane ƙuli a gefen zane. Ba a kai rabin kai ba na ga wuyan yarinyar ya saki, ta kwantar da kanta a gwiwar uwar. Hawaye ya bi ta gefen hancinta. Magana dai ba ta yi ba. Na so in tsaya, amma masu babura suka aiko cewa in la'asar ta yi ba mai ɗaukarmu.

Mun iso Gusau lafiya, sai dai zuciyata ba daɗi. Abin da na gani shi ne ba gini muka fi rasawa ba. Mutum ɗaya muke buƙata a kowane ƙaramin asibiti, wanda aka koya wa gane yaron da tsoro ya cinye, wanda kuma zai fara da tambayar wa ya rene shi kafin ya buɗe littafi. Irin Luba kowane mako ya kamata a gan ta. Ni ban san ranar komawata ba, kuma yaran da ke ƙarƙashin benci a Gummi ko sunansu ban rubuta ba.

Shekaranjiya malamar asibitin ta samu sabis ta kira ni. Ta ce Luba tana shan rabin kwano yanzu. Har yau ba ta yi magana ba, uwar ma har yau waccan take cewa. Amma kitson kan yarinyar, in ji ta, ba ya kwana uku uwar ba ta tsefe shi ta sake wani ba.