Dutsen Niƙan Inna

A gidanmu na Wurno, kakarmu Inna ba ta cin garin inji. Warin gas take ji a cikinsa, kuma duk randa aka yi mata wayo da shi sai ta amayar. Dutsen niƙanta ne abincinta. Uwarta ce ta zo da shi a kan jaki daga ƙasar Zamfara, domin ƙasarmu laka ce da farar ƙasa, ba mu da irin wannan dutse mai tauri da ɗigo-ɗigon ƙyalli.

Ɗan yayana yana karatun duwatsu a jami'a. Da ya zo hutu ya ga dutsen, sai ya tsuguna yana ta shafa shi, wai irinsa suke nema a ɗakin gwaji. Ranar da muka kai Inna suna a Achida ya sa guduma don ya ɓalli ɗan gefe, dutsen ya tsage gida biyu. Ko haƙuri bai tsaya bayarwa ba, ya kwashi ɓallinsa ya bi motar Sakkwato.

Muka sayo wani a kasuwar Gandi. Marar ƙwari ne, yashi yake zubarwa a gari, tuwo ya riƙa ƙaras-ƙaras a haƙori. Inna ta koma loma biyu ta tsame hannu, har wuyanta ya zurma.

Da wani hutun ya zagayo, sai ga gogan naka yana washe baki, da 'yar kwalba a hannu. A ciki akwai wani ɗan gilashi kamar ƙwayar wake.

"Inna, dutsenki na wanga," in ji shi. "Mun niƙe shi, munka zuba mai wani sinadari, boron, munka narka shi. In an sa boron, narkakken dutse shina rage nauyi, shi ƙara cika wuri."

Wallahi na ga rashin kunya a duniya, amma ban taɓa ganin mai kawo ta tsaraba ba. Tir da ilimin da ke fara aiki da kwanon tuwon tsohuwa! Na buɗe baki zan wanke shi tas, Inna ta ɗaga mini hannu.

Ta juye gilashin a tafinta, ta daɗe tana juya shi da yatsa.

"To ɗan nan, kun gano abin da kuka biɗa?"

"Mun gano, Inna."

"Madalla," ta ce, ta miƙa masa abinsa. "Ni kau tun rannan ban ƙoshi ba."