Zaren da Baba ya ce yana cikin fata

Ranar Larabar da ta wuce mahaifina, Malam Sale majemi na Gwaram, ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, jikina sanyi yake yi. Bana kuwa zumuɗi ne ya hana ni zama wuri ɗaya, kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Baba ya ƙare rayuwarsa tsakanin kwatarniyar toka da turmin bagaruwa. Hannuwansa sun rine, warin jima kuwa ko ranar Sallah ba ya sakinsa duka. Yana da wata ɗabi'a da ta sha haɗa shi faɗa da tsofaffin unguwa masu rage shekaru. Idan ka miƙa masa hannu, sai ya tsunkuli bayan hannun ya saki, ya zuba ido ya ga yadda fatar za ta koma, sannan ya faɗi shekarunka ko ba ka tambaya ba. Cewa yake yi akwai zare a cikin fata, saƙaƙƙe kamar na masaƙa, kuma rana ta fi shekaru cin zaren nan. In ka yi gardama, ya naɗe hannun riga ya nuna maka damtsensa sumul, ya nuna wuyansa da ya yi tamoji, ya ce ai rana ɗaya aka haife su.

Ni malamin bayoloji ne a wata sakandare a Birnin Kudu. Wata rana, ina sabon ɗauka, na ambata a gida cewa zan koyar da darasin fata. Da hantsi sai ga Baba a ƙofar makaranta, ya biyo motar Gwaram, da fatar akuya naɗe a hammata.

"Ga ta na kawo," in ji shi. "Yaran su taɓa su ji da hannunsu."

Na ce, "Baba, wannan ta littafi ce, ba irin taku ba ce."

Ƙarya nake yi. Kunya nake ji kada abokan aikina su shaƙi warin su gane ɗan majema ne ni. Ya dube ni, ya gyara naɗin fatarsa, ya ce, "To, Malam, Allah ya taimaka." Bai taɓa ce min Malam ba sai ranar. Ya juya ya nufi tasha, kuma har ya koma ga Allah bai sake tayar da maganar ba. Ni ma, don rashin ta ido, ban tayar ba.

To, ga abin da ya faru bana. 'Yata Rukayya, wadda ke karatun sinadaran jiki a jami'a a Kano, ta zo hutu. Ta buɗe kwamfutarta ta nuna min hoton fatar mutum da na'ura ta girmama. Zare ne, jama'a! Zare a saƙe, wani kan wani, yadda tsohon nan ya faɗa. Sunan zaren a kimiyyance, wato kolajin, na san shi tun ina ɗalibi, haddace shi na yi na ci jarrabawa, amma ban taɓa haɗa shi da maganar Baba ba. Rukayya ta ce a ƙarƙashin fata akwai ƙwayoyin halitta da aikinsu saƙa zaren nan, kuma da shekaru suka ja sai su yi sanyin hannu. Hasken rana kuma yana ta da wasu sinadarai masu datse zaren, ya zama ana yanka fiye da yadda ake saƙawa. Ta ƙara da cewa sukarin da ke cikin jini yakan maƙale wa zaren ya ɗaure shi da ɗan'uwansa, fata ta yi tauri ta daina komawa da sauri.

Ban san sa'ad da na miƙe tsaye ba. Na ce mata ai kusan aikin bagaruwa ke nan, ita ma kama zaren take yi ta riƙe! Ta yi dariya ta ce hanyar ba ɗaya ba ce, amma Kaka bai yi nisa da gaskiya ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni har digiri na hau.

Ina ta tunanin me zai ce da ya ga zamanin nan, da ya ga kwalaben man gyaran fata jere a kasuwa, da ya ji masana sun yi ta bincike sun dawo suna cewa a kare jiki daga rana. Na san sai ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce ashe malafa suka gano. Jikarsa kuwa da ya zaunar da ita ya hana ta tashi sai ta nuna masa hoton nan sau goma.

Baba bai bar gona mai yawa ba, majemarsa ma an yi ɗaki a wurin. Abin da ya bari ido ne mai lura da hannu mai tambaya, kuma sun tsallake ni sun sauka a kan Rukayya. Saura abin da ke wuyana.

Ranar Asabar na je Gwaram wurin Malam Idi, abokin sana'arsa da ya rage, na karɓo fatar akuya. Litinin na naɗe ta a hammata na shiga makaranta ta babbar ƙofa. Ina zuwa ofishin malamai, wani abokin aikina ya toshe hanci ya ce, "Malam, kai kuma ina ka san harkar jima?"

Na shimfiɗa ta a kan tebur, a gaban kowa. Na ce, "Ubana majemi ne. Ku matso ku taɓa."