Tagar Jimina

Lokacin da na baro Damagaram zuwa Tamanrasset, rabin jakata littattafan soyayya ne. A cikinsu na koyi cewa saurayi yana zuwa zance da mota mai sheƙi da magana mai narkar da zuciya. Mota ba ni da ita, lebura ne ni a wani shantiye, wato wurin gini, a unguwar Gataa El Oued, a nan muke aiki, a nan muke kwana. Amma magana ina da ita buhu-buhu.

Tsallaken titi akwai butik, wato kanti, na wani dattijo ɗan Agadas, 'yarsa ce ke zama ciki da la'asar. Kullum sai na wanke siminti daga fuska, na zura faffaɗan wandona don ɓoye ƙafafuna, waɗanda abokan aiki ke cewa a ba su aro in ƙarfen rodi ya ƙare. In na isa sai na ce, "Ya ke wadda ganinta ke kashe ƙishirwar matafiyi."

Ita kuma ta ce, "Malam, shayi ko sukari?"

Burina ɗaya ne, in yi wa mahaifinta magana ya ba ni izinin neman aurenta. Amma da na hango rawaninsa sai in sayi ashana in tafi. Ashana ta taru a ƙarƙashin tabarmata har maigidana ya ce in ba a kashe ni ba wata rana zan ƙone masa gini.

Wata la'asar na tarar dattijon yana ba da labarin jiminun da ya gani a daji yana saurayi. 'Yar ta ce ita ba ta taɓa gani ba sai a littafin lekkol, wato makarantar boko. Ban san lokacin da na ce, "Ni zan kawo miki" ba.

Ba ta ko ɗago kai daga ma'auni ba, ta ce, "To, kawo."

A littattafaina, irin wannan kalma alkawari ce.

Niyyata in haɗa jiminar da kwali da takardun buhun siminti, in saka ta a jiki ranar Sallah. Kuskurena da na nemi shawarar maigidana, tsohon magini ɗan Maradi wanda bai taɓa gina abin da ya rushe ba. Ya dubi kwalayena kamar an kawo masa abin kunya.

"Ɗana, da sunana za a fitar da wannan daga shantiyena? Ɗauko rodi."

Haka muka ɗaure haƙarƙarinta da rodi da waya kamar za mu zuba ginshiƙi. Wuyan kuwa da igiyar awo ya tsayar da shi. Na ce masa ina jin wuyan jimina yana ɗan lanƙwasa, ya ce a hannunsa ba abin da ke lanƙwasa. Muka lulluɓe jikin da buhuna, ya bi da filasta, ya goge har tana ɗaukar ido. Gashinta muka yi da kaba da baƙar leda. Na so in yi mata idanu masu lumshewa irin na 'yan matan bangon littafi, da gashin tsintsiya a matsayin gira. Wannan kaɗai ya bar mini.

Sai da muka gama na tuna ban da wurin leƙe. Ya ce in bar masa, taga aikinsa ce. Da na dawo daga ɗiban ruwa na tarar ya fasa ta a gefen hagu, murabba'i tsaf, har da ɗan dakalinta.

"Maigida, ai gaba zan riƙa dubawa."

"Butik ɗin yamma yake da mu. Ka taɓa ganin mai hankali ya buɗe taga tana kallon ranar la'asar a garin nan?"

Na ce ai wannan ba ɗaki ba ne. Ya ce duk abin da mutum zai shiga ya zauna ɗaki ne.

Ranar Sallah abokan aiki suka ɗaga ta suka kifa mini, nauyin ya sauka a kafaɗuna kan igiyoyin robar taya. Nan aka lura da wata matsala, jimina ba ta sa wando. Suka yanke hukunci ba da ni ba, aka bar ni da gajere. Ƙafafun da na ɓoye tun zuwana garin suka fito fili, farare da ƙurar siminti.

Tafiyar ba nisa, amma tunda tagar a gefe take, a karkace na yi ta, ina jan ƙafa ɗaya tana bin ɗaya. Yara suka cika titi. Wani mai taksi ya tsaya yana ta magana da Larabci yana dukan sitiyari. Da na hango motar jandarma ta rage gudu sai na tsaya cak, don baƙo a garin nan ba ya son a lura da shi, ga ni kuma na fi kowane kango a unguwar tsawo. Suka ɗauki hoto suka wuce.

Na shiga rumfar butik, wuyan ya daki kwanon rufi ya maƙale tsakanin azara. Na motsa dama, shiru. Na motsa hagu, shiru. Ina jin dariyarta a bayana, ɓangaren da ba taga. Ta tagar kuwa abu ɗaya nake gani, rawani da idanu biyu, kusa da ni har ina jin ƙamshin shayinsa.

"Wa ke ciki?" in ji dattijon.

Ita ta amsa. "Baba, mai sayen ashanan nan ne. Ƙafafunsa ne."

"Ina kika san ƙafafunsa?"

"Kullum yana kan katako yana miƙa bulo, wandon a naɗe. Daga nan ana gani."

Wato duk wahalar faffaɗan wandon nan ta banza ce, kuma tana dubawa.

Gudu ba hali, ashana kuma ba aljihun biya. Duk jawabin da na haddace daga littattafai ya tsere. Na ce, "Baba, barka da Sallah. Ina son 'yarka da aure, in ka ba ni izini."

Ya dube ni ta tagar. Sannan ya tashi ya zagaya jiminar, ya ƙwanƙwasa filastar da zobensa.

"Wuyan ba haka yake ba," ya ce. "Idanun kuma ban san na wace dabba ba ne. Ƙafafun dai daidai suke." Ya koma ya zauna. "Ka turo manyanka. Ka gaya musu su zo a mutane."

Babban da nake da shi a garin maigidana ne. Shi ya je, bayan ya kwance kwanon rumfar ya fitar da ni ya mayar da kwanon. Har yau yana cewa tagarsa ce ta yi auren, kuma ban da bakin musu.

Jiminar tana tsakar gidanmu. Ba mai iya ɗaga ta, ba kuma abin da ya ci ta, ko tsagewa ba ta yi ba. Matata ta ɗaura igiyar shanya a wuyan, kajinta kuma ta tagar suke shiga.