Kawu Sule da Ruwan Mutanen Nan

Duk wanda ya zauna da Kawu Sule ya san bai taɓa kiran giya da sunanta ba, sai dai "ruwan mutanen nan." Bai taɓa kai ta baki ba, amma ya haddace sunayenta kamar mai jiran jarrabawa: wiski, burandi, bodka, da wadda ake yi da masara a Kentoki. Ni ɗan ƙanwarsa ne, a gidansa na garin Laurel, can ƙasar Turawa, na zauna lokacin da nake karatu, don haka na sha darasin da ban biya ba.

A gidan rediyon da yake fassara labarai, an taɓa kawo masa labarin ƙarin haraji kan giya mai ƙarfi, wadda Turawa ke kira sifirit, kalmar da kuma ke nufin aljani. Kawu ya rubuta an ƙara wa aljanu haraji. Edita ya ce a gyara, ya ƙi. Wai masu abin da kansu suka amsa cewa aljanu ne a kwalbar, shi wane ne zai rufa musu asiri? Da ƙyar aka raba su.

Maƙwabcinmu, wani dattijon Bature, ya kawo masa kwalbar wiski da Kirsimeti, yana yabon ta shekara goma sha biyu a ganga. Ya ƙara da cewa abin da ke tsotsewa daga gangar sunansa rabon mala'iku. Kawu ya yi godiya da murmushi. Yana rufe ƙofa ya juyo gare ni:

"Ka ji ƙazafi. Suna zaune suna rubuta musu zunubi, an ce da su ake sha."

Ya tuttular da ita, amma kun san Kawu da tattali, ko ledar burodi ba ya yarwa. Ya wanke kwalbar tas, ya ɗura zoɓo. Ranar sunan jikarsa ya dire ta gaban Liman, da takardarta a jiki. Kowa a falon ya zuba wa kwalbar ido. Liman ya ce, "Alhaji, mene ne wannan?"

"Sha, Malam. Ta musulunta."

Ba a littafi ya koyi sunayen nan ba. Akwai Bala, wani injiniya ɗan garinmu da shaye-shaye ya kama bayan aikinsa ya tafi. Mu duka muka daina ɗaga wayarsa, wai don kare mutunci. Kawu kuwa ya riƙa binsa mashaya. Sai ya zauna da lemonsa, ya lallaɓi mai zubawa ya cika wa Bala ƙanƙara ya rage ruwan, sannan ya tuƙo shi gida. Magana ta zaga har garin Springfield cewa ana ganin Alhaji a mashaya. Da wani ya tare shi da zancen bayan Juma'a, sai ya ce, "Gaskiya ne. Shi wanda ya gan ni, wa ya je ɗaukowa?"

Bala ya daɗe kafin ya bari, amma ya bari. Ranar da Kawu ya rasu, shi ya shiga kabari ya karɓe shi.

Allah Ya jiƙan Kawu Sule, Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa wanda muka guje wa. Amin.